Ɓarawon da Ke Mayar da Noti

Da safiyar Talata Heriberto Xicale, mai kantin magani a unguwar San Baltazar, ya shigo ofishin 'yan sanda ya ce an kwance masa bambar gaban mota.

Babu wanda ya ɗaga kai. A birnin Puebla satar bamba da madubin gefe da fitila ba labari ba ne. Sufeto Ofelia Cuautle, wadda ke riƙe da wannan sashe, ta daɗe da daina jin haushin ɓarayin. Sai dai ta san hannun kowannensu, kamar yadda malama ke sanin rubutun ɗalibanta.

"A ina motar ta kwana?" ta tambaye shi.

"Ƙofar gida, ranki ya daɗe. Inda take kwana kullum."

"Ka ji motsi?"

"Ko kaɗan. Matata ce ta tashe ni, ta ce in fito in ga ɓarnar da aka yi mana."

Sufeto ta ɗauki jakarta, ta yafito Saje Benigno Tepox, suka bi shi.

Motar fara ce, tana tsaye bakin titi, gabanta a wangale kamar bakin da aka cire wa haƙora. Sufeto ta tsuguna. Bamba ba walda ke riƙe da ita ba. 'Yan kilif ne na roba ke maƙale ta a jikin mota, sai noti a kusurwoyi da ƙarƙashi. Ɓarawo ba ya da lokacin lallaɓa su. Ƙarfe yake cusawa ya ɓamɓare, ya fizga, abin da ya karye ya karye.

A gefen dama kilif ɗin duk sun karye, guntayensu na nan maƙale a ramuka. A gefen hagu kuwa ramukan wayam suke, an zare kowane kilif ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzane babu a fenti. Kowane noti kuma, bayan an kwance shi, an mayar da shi gurbinsa an ɗan murɗa.

Saje ya leƙo ta kafaɗarta. "Wannan ɓarawo ɗan gidan mutunci ne. Saura kawai ya wanke motar ya bar mana gaisuwa."

Matar gidan, Doña Irene, na tsaye a zaure ta rungume hannu. A bayanta, cikin tsakar gida, wani tsoho na zaune a kujera yana fuskantar rana, da baƙin tabarau a fuskarsa.

"Wane ne wancan?" in ji Sufeto.

"Surukina ne, Don Fulgencio. Yanar ido gare shi."

"Yana tashi da wuri? Wataƙila ya ji wani abu."

"Bai ji komai ba," in ji Irene. "Yana ɗakinsa har na kai masa kofi. Ko ƙofar banɗaki sai ya laluba."

Sufeto ta lura cewa amsar ta riga tambayar ƙarewa. Ta gaishe da tsohon daga nesa, ya ɗaga hannu, suka tafi.

Daga nan kasuwar tsofaffin kayan mota suka nufa, rumfar wani Cirilo da kowa ke kira Gafiya. Duk bambar da aka kwance a wannan ɓangare na gari, in ba ta shigo rumfarsa ba, to ya san rumfar da ta shiga.

"Farar bamba, ta yau," in ji Sufeto.

"Ranki ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne. Kayana duk da rasit."

"Har wanda ka ɗora ƙafa a kai?" in ji Saje.

Gafiya ya janye ƙafarsa, ya yi dariya. Ya rantse da kabarin uwarsa babu farar bamba da ta shigo kasuwa tun makon jiya. Sufeto ta nuna masa hoton gaban motar a wayarta. Ya kalla, ya kawo wayar kusa da hancinsa.

"Kin san dai wannan ba aikin yaranmu ba ne."

"Na sani. Daga bakinka nake so in ji."

"Wa zai tsaya mayar da noti, 'yan sintiri na zagawa? Wannan sai mutanen masana'antar haɗa motoci. Su aka hora kada su bar noti a ƙasa. Kawuna ya yi aiki can, har ya mutu ko murfin kwalba ya buɗe sai ya mayar."

Da rana Sufeto ta zauna cin cemita, wato burodi mai nama a ciki, a rumfar da ke bayan ofis. Sufeto Amaro na sashen hatsarin mota ya jawo benci kusa da ita yana ƙorafi. Da asubar ranar mota ta buge wani mai tallan burodi a keke, a hanyar maƙabarta, direban ya gudu. Mutumin ya cika kafin motar asibiti ta iso. Babu shaida, babu lambar mota.

"Me kuka tsinta?" ta tambaya.

"Burodi a warwatse. Fasasshiyar roba. Tarkace."

"Wace kalar mota?"

"Akwai farin fenti a ƙarfen keken."

Ta ajiye abincinta ta bi shi ɗakin ajiye kayan shaida. Cikin abin da aka zazzage daga kwandon burodin akwai rabin kilif na roba, baƙi, ya karye a karkace. Ta sa hannu a takarda ta karɓa. Kafin yamma Saje ya kawo mata labari daga maƙwabta: Don Fulgencio Xicale a masana'antar haɗa motoci ya ƙare ƙuruciyarsa, a layin da ake ɗaura bamba da madubai.

Washegari da hantsi suka koma gidan. Heriberto bai riga ya tafi kanti ba. Sufeto ta ce a shigo da motar tsakar gida, aka shigo da ita. Tsohon na kujerarsa.

Ta tsuguna a gefen dama, ta bi ramukan ɗaya ɗaya da rabin kilif ɗin. A ramin kusurwa ya zauna daram a kan guntun da ke ciki, karaya ta haɗu da karaya.

"Wannan a kwandon mamaci aka same shi," ta ce. "Motar nan ta kashe mutum jiya da asuba. Ba sace bambar aka yi ba, ɓoye ta aka yi."

Heriberto ya dubi matarsa. Irene ta sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya waiwaya wajen mahaifinsa, ya sake juyowa.

"Ni ne," ya ce. "Ni na tuƙa."

"Ina za ka da asuba?"

"Kanti. Na manta wani abu."

"Kantinka ba ta hanyar maƙabarta yake ba."

"Na zagaya."

"Ina bambar?"

"Na jefa ta kogi."

"Kai ka kwance ta?"

"Ni."

Sufeto ta karɓi sukudireba daga hannun Saje ta miƙa masa. "Bismilla. Zare mini kilif ɗaya daga ta baya."

Heriberto ya tsuguna. Ya laluba ƙarƙashin bambar baya, bai san inda ake farawa ba. Ya cusa bakin ƙarfen a tsakanin roba da jikin mota ya danna. Ƙarfen ya zame, ya ja wani ƙara mai tsami a kan fenti.

"Bari, Beto," tsohon ya ce wa ɗansa daga kujerarsa. "Za ka ɓata fenti. Ba ta nan ake shiga ba."

"Baba, don Allah ka yi shiru."

"Na yi shiru jiya. Ya isa." Ya cire tabarau ya riƙe a cinya. Idanunsa sun yi fari kamar ruwan shinkafa. "Ranki ya daɗe, yaron nan ko tayar keke bai iya canzawa ba. Magani ya karanta. Bambar tana ɗakin ajiya a saman bene, na lulluɓe ta da bargo."

Saje ya haura bene. Sufeto ta jawo kujera ta zauna gaban tsohon.

"Ina ka je, Don Fulgencio?"

"Kabarin matata. Jiya ranar zagayowar rasuwarta ce. Na ce Beto ya kai ni, ya ce sai Lahadi, kanti ba mai jira. Tun da idona ya lalace ya karɓe mini makulli, amma akwai wani da bai sani ba. Na ce da asuba titi ba kowa, hanyar kuma ƙafata ta san ta."

"Sai me ya faru?"

"Na ajiye mata furanni, na juyo. Ban ga komai ba. Ƙara na ji a dama, motar ta ɗan yi tsalle. Na tsaya can gaba. Na ji tayar keke tana juyawa ita kaɗai. Ban fita ba. Na ji tsoro. Na dawo gida na kwance bambar da lalube, ai ba sai da ido nake wannan aikin ba. Irene ta gan ni ta taga. Ni na roƙe ta ta ce ɓarayi ne."

Irene ta fara kuka ba sauti. Heriberto yana tsugune a inda yake, sukudireban na hannunsa.

Saje ya sauko da bambar a kafaɗa. Gefenta na dama ya tsage, da baƙin zanen taya a kai. A cikin bargon akwai ƙaramin gwangwani, an tara kilif ɗin gefen hagu a ciki, ko ɗaya bai karye ba.

Sufeto ta gaya wa Don Fulgencio laifin da ake tuhumarsa da shi. Ta ce wa Irene ita ma ta ɗauko mayafinta, akwai bayanin da za ta sake yi a ofis. Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ta girgiza kai. Ta kama gwiwar hannun tsohon, ta bi da shi ta zaure.

A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ranki ya daɗe, mutumin nan. Mene ne sunansa?"

"Anselmo Coyotl."

Tsohon ya dafa bango.

"Chemo muke kiransa," ya ce. "Shi ke kawo mana burodi da yamma. Jiya ina nan zaune ina jiran ƙararrawar kekensa, har na yi ta mita wai ya fara wasa da aiki."

Saje ya buɗe ƙofar motar 'yan sanda. Sufeto ta ɗora tafin hannunta a kan tsohon kada ya bugi ƙarfe, ta shigar da shi, ta rufe ƙofar.