Rigar Lukuta a Hannun Kwastan

Ranar da na je ofishin kwastan da ƙafata, faɗa ne ya kai ni. Na saɓa 'yata Lukuta a kafaɗa, na ja lamba, na zauna a kan kujerun ƙarfen nan masu sanyi ina tsara zagin da zan yi da yaren ƙasar da ban ma gama iya shi ba. Wata da watanni kwalin da aka aiko mana daga gida yana hannunsu. Kullum na duba waya magana ɗaya ce, wai ana bincike. Binciken me, fisabilillahi? Rigar sanyin jaririya ce za ta tayar da ƙasa?

Ummata ce ta saƙa rigar. Tun ina da ciki likita ya faɗa mata ciwon idonta irin mai cin gani a hankali ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Maimakon ta huta, sai ta ɗauki kwarashi da zaren ulu ta duƙufa. Riga, hula, da safa, duk ruwan ƙwai. Abu ɗaya ta roƙe ni, shi ne in sa wa jikarta ta farko kayan nan in kira ta a bidiyo ta gani, tun idon yana da saura.

Duk kiran da za mu yi, sai ta manna wayar a idonta na hagu, mai sauran gani, ta tambaya ko sun iso. In ce tukuna. Ta ce ba komai, gobe ma rana ce. Lukuta kuwa, ai ba banza muka sa mata wannan suna ba, kullum ƙara cika take kamar ana hura ta.

Mijina, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ne mai rarrashina. Ya fi ni tsine wa 'yan kwastan. Zai rungume ni yana cewa in yi haƙuri, Zumarsa, mutanen nan ba su da imani. Sunansa ne a jikin kwalin, don haka shi yake bibiya, ni kuma na sakankance.

Da aka kira lambata, wata dattijuwa ce mai tabarau a bayan gilashi. Na sauke mata duk abin da na haddace. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta duba kwamfutarta ta yi mini bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa yaro. Kayan jaririya ba su da matsala. Wasu kwalabe biyu ne a ciki, masu baƙin mai, babu rubutun komai a jikinsu, kuma irin wannan sai an kai ɗakin gwaji, layin kuwa dogo ne. Amma tun makon farko sun kira mai kayan sun ba shi zaɓi, in ya yarda a zubar da kwalaben, ya zo ya ɗauki sauran a ranar. Ya ce a'a, zai jira. Sun sake kira. Ya sake cewa zai jira.

Ban yi kuka ba. Na koma kujerata na kira shi, na ce ya same ni a kwastan yanzu, na kashe wayar tun yana "Zumata, me ya..."

Ya shigo yana haki, da hularsa a ka kamar kullum. Mutumin nan ko bacci zai yi, hula ce ƙarshen abin da yake cirewa. Na tsayar da shi a gaban gilashin, jama'a cike a bayanmu, na tambaye shi mene ne a cikin kwalaben.

Ya sunkuyar da kai ya yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," na ce.

"Maganin sanƙo ne... ƙanena na sa ya saka a ciki."

Na ce ya fassara wa matar, da ƙarfi, don ita ma tana da haƙƙin sani. Ya fassara. Na miƙa hannu na zare hular daga kansa na jefa a jakar Lukuta. Tsakiyar kan nan tana sheƙi a ƙarƙashin fitila, wani ma a layi ya yi tari don ya ɓoye dariya. A haka ya ba da izinin zubar da kwalabensa, a haka ya ɗauko kwalin har mota. Raina bai yi sanyi ba ko kaɗan.

A gida na yanka kwalin da wuƙar kicin. Ƙamshin ɗakin Umma ya bugi hancina. Na ɗaga rigar, 'yar mitsitsiya, na gwada wa Lukuta. Wuyan ko kanta bai wuce ba. Hular ta tsaya a saman kai, safar kuwa yatsu kawai ta rufe. A nan ne na yi kukan, don akwai abin da na sani ban faɗa wa kowa ba. Tun makon da ya wuce Umma ta daina neman bidiyo, ta ce kiran murya ya ishe ta. Ƙanwata da ke jinyarta ta tabbatar mini, na hagun ma ya rufe.

Na rantse sai ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Ban yi yaji ba, ina zan je a ƙasar mutane? Na tattara hulunansa kaf na ɓoye. Na rataye rigar a jikin madubin banɗaki, daidai inda yake tsayawa kowace safiya yana leƙen tsakiyar kansa. Abinci zan ajiye masa, in ya yi magana in amsa wa Lukuta. Ya fita aiki da kai a buɗe, abokan aikinsa suka samu abin yi, ni kuwa har addu'a nake Allah ya ƙara musu basirar tsokana.

Wata ranar hutu ya durƙusa a gabana ina ninke kaya. Ya ce shi bai ɗauka gwajin zai daɗe haka ba, kullum gani yake gobe za a gama, da abin ya yi nisa kuma sai kunya ta hana shi faɗa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ke kika taɓa ce mini sumata kika fara so. Tsoro nake ji, Zumata..."

Gaskiya ne, na faɗa, muna saurayi da budurwa. Zuciyata ta motsa, amma na danne ta.

"Na so sumarka," na ce. "Amma ban ce ka saya mini ita da idon uwata ba."

Na danna lambar Umma, na buɗe murya, na ɗora masa wayar a tafin hannu. Na ce tunda shi ya jira, shi zai yi mata bayani da bakinsa.

Ya faɗa mata komai, har da kiran da aka yi masa sau biyu. Wallahi so nake ta yi masa tatas, ta faɗa masa maganar da zai mutu da ita. Sai kawai ta tambaye shi sanƙon ya kai ina yanzu. Ya ce ya kusa ƙeya. Ta ce to Allah ya tsayar da shi nan. Sannan ta kira ni.

"'Yar nan, kin zazzage kwalin kuwa? Duba ƙasa, cikin tsohon ɗankwalina."

Na je na duba. Ragowar zare ne dunƙule biyu, da kwarashinta, wanda bakinsa ya yi sumul saboda daɗewa a hannunta. Kwarashin da ko aro ba ta bayarwa. Ashe tun ranar da ta rufe kwalin ta san ba za ta ƙara riƙe shi ba.

Ta ce yara girma suke, ba su jiran kowa. In warware rigar, ita za ta riƙa faɗa mini yadda zan ƙara faɗi.

Haka muka yi. Kullum da yamma Umma tana kan waya tana gyara mini hannun da ba ta gani, Injiniya yana zaune a ƙasa, ya ware hannuwa biyu riƙe da zare. Da gangan nake jan aikin. In ya ce kafaɗarsa ta gaji, sai in ce ya jira, ai ya iya jira.

Ranar da rigar ta shiga jikin Lukuta, Umma ta tambaya ko ta yi mata kyau. Na dubi Injiniya. Na tura masa wayar.

"Kai ka cinye mata ganin nan. Kai za ka zama idonta."

Ya ɗauki Lukuta ya ɗora a cinya, ya fara. Ya faɗa mata yadda kumatun suka zubo a kan wuyan rigar, yadda take cusa bakin hannun a baki, yadda kalar ta haska fatarta. Umma ta ce ruwan ƙwai ne kaɗai idonta yake kamawa a lokacin, shi ya sa ta zaɓe shi. Ta ce ya sake faɗa mata daga farko. Ya sake, hawaye yana ɗiga a kan sumar Lukuta. Daga baya ƙanwata ta gaya mini, duk tsawon kiran Umma tana shafa gilashin wayar da babban yatsanta.

Yanzu aikinsa ke nan kowace yamma, ya kira Umma ya ba ta labarin jikarta tun daga kai har ƙafa. Na koma amsa masa in ya ce Zumata, wani lokacin. Hulunansa kuwa, har yau ban faɗa masa inda suke ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.