Kifanyar da Ta Ƙi Buɗe Baki

Cin amana mugun ciwo ne, mafi muninsa kuwa wanda za ka cuci mutum, ka koma gefe kana kallo ana tuhumar wani. Ku saurara ku ji yadda mai irin wannan hali ya ƙare.

Da hantsi wani tsohon direban jirgin ƙasa ya shigo ofishin 'yan sanda, idonsa ɗaya da bandeji. Ya ce an sace masa kifi. Kofur ya ƙunshe dariya. Sufeto bai yi ba, ya ce dattijon ya kai su gidan su gani.

A falon gidan akwai tankin gilashi mai tsawon gado, injin iska na ta ɓulɓula. Kifayen ado ne a ciki, ƙananan dangin karfasa. Tsohon ya nuna wata shuɗiya mai baƙin zane.

"To Baba, ba ga kifinka nan ba?" in ji Sufeto.

"Wannan ba tawa ba ce. Zuba mata abinci ka gani."

Sufeto ya barbaɗa. Ta yi wuf ta hau ci.

"Ka gani? Tawa na bar ta da ƙwai a baki ranar da aka kwantar da ni aikin ido. Irinsu a baki suke goyo. Ko yunwa za ta kashe ta, ba ta ci sai 'ya'yan sun yi ƙwari. Wannan kama ce kawai. Irinta a kan dutse suke zuba ƙwai, kuma sun cika kasuwa. Tawa shekaru na yi ina nema."

"Wa ke ba su abinci da kana asibiti?"

"Aminina, mai shagon kifi. Shi kam ka cire shi. Ƙanena nake zargi, mai walda, da ke ɗakunan baya. Na rantse in ta tabbata shi ne, yau zai kwashe iyalinsa ya bar min gida."

Aka kira mai walda. Matarsa na tsaye bayan labule, goyonta na kuka.

"Ka shiga falon nan da yayanka ba ya nan?"

"Ban shiga ba, ranka ya daɗe."

Sufeto ya ɗaga wayar injin iska. "Wannan sabon ɗauri fa? Kifin ne ya yi wa kansa gyara?"

Mai walda ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Injin ya tsaya, na ga suna haki a saman ruwa. Yaya ya hana ni taɓa tankin, shi ya sa na ɓoye."

"Ƙarya ɗaya ka yi, ta kusa raba ka da muhalli. Wa ka gani?"

"Mai Kifi, da bokiti mai murfi. Ya ce ruwa zai sauya."

"Wanda zai sauya ruwa, me zai yi da murfi?"

Tsohon ya ce, "Sharri yake masa, Sufeto."

"Taso mu je shagon, Baba, har da ƙanen naka."

Shagon na ƙarshen layin masu gilashi, tankuna jere har rufi. Mai Kifi ya taso da fara'a. "A'a, mutumina! Ido ya buɗe? Sannu da zuwa, Yallaɓai."

"Kana da shuɗin nan mai zane?" in ji Sufeto.

"Ga su nan, tanki guda."

"Yaya suke haihuwa?"

"A kan dutse. Uwa da uba su tsaya gadi."

"Duk na shagon nan haka suke?"

"Duka. Irin mai goyo a baki, a garin nan sai wurin mutumina."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya ɗauki gwangwanin abinci ya barbaɗa. Kifaye suka yamutsa ruwa. Guda ɗaya ce ta maƙale a lungu bayan ciyawa, bakinta a rufe gam, maƙogwaronta a kumbure.

"Waccan fa, me ya hana ta?"

Mai Kifi ya share goshi. "Ba ta da lafiya."

"To kada ta shafa wa saura. Ba ni ragar nan."

"Yallaɓai, bari ni in..."

"Tsaya inda kake."

Sufeto ya zura ragar a hankali. Tana taɓa ta, kifanyar ta firgita ta buɗe baki. Sai ga 'ya'ya sun watso, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Manyan kifaye suka juyo kansu.

"Cire ragar! Za su cinye su!" tsohon ya daka tsawa.

Sufeto ya janye. Uwar ta zagaya, 'ya'yan suka ruga suka koma bakinta, ta rufe.

"Ba ka ce duk na shagon nan a kan dutse suke haihuwa ba?" in ji Sufeto.

Mai Kifi ya zauna a kan bokiti. "Wani ne ya matsa min yana son 'ya'yan. Na ce ai idon mutumina ya mutu, ba zai bambanta ba. Na ɓoye ta cikin masu kama da ita."

"Idon ne aka je gyarawa," in ji tsohon. "Amma ko a makance na san wadda nake ciyarwa. Kana ji ina zagin ɗan'uwana jiya, ka ce min, 'Ai ɗan'uwa sai haƙuri.'"

Kofur ya sa masa ankwa. Masu gilashi suka fito bakin shagunansu suna kallo.

Aka sa kifanyar a bokiti, tsohon ya juya ga ƙanensa. Ya miƙa masa bokitin. "Riƙe min ita da kyau. Hannunka ya fi nawa ƙarfi."

Mai Kifi kuwa, ga abin da ya tashi da shi. Kifanyar ta koma gidanta da 'ya'yanta. Mai sayen ya ce bai taɓa saninsa ba. An garƙame shago. Masu ba shi makullin gidajensu ya kula musu da tankuna duk sun aiko a karɓo. Aminin da suka tsufa tare ko waiwaye bai yi ba da aka tura shi cikin mota.