Kujerun Jirgin Alhazai

Alhaji Ashafa, kai ka sace kujerun nan, ɗana Jibrin kuma yake kwana a gidan yari a madadinka. Ni Ummulkhairi ta unguwar Dala na faɗa, kuma ba a bayan idonka na faɗa ba.

Ga yadda aka yi. Shekarar da soja suka sauka, kamfanin da Jibrin ke wa leburanci a filin jirgi ya sayi wani tsohon jirgin alhazai. Ya tsufa da ɗaukar mutane, sai aka ce a mai da shi na kaya, ya riƙa kai fatu ƙasashen waje. Aka toshe tagoginsa, aka shimfiɗa masa sabon daɓe na ƙarfe. Su Jibrin suka kwance kujerun da sufana, uku-uku a haɗe, suka jibge a sito. Ashafa ne shugaban sito. Wata safiya aka buɗe, jeri shida babu, kwaɗo lafiya lau. Ashafa ya ce Jibrin yake aika da makulli, aka sa masa ankwa.

Na je caji ofis na sami Sufeto Mikail, mutum mai jajayen idanu da tarin takardu a gabansa. Ya ce an kwance ɗakin Jibrin ba a ga komai ba, amma ai makulli ya bi ta hannunsa. Na tambaye shi ko an duba gidan Ashafa. Ya ce an duba zaure da shago.

"Cikin gida fa?"

"Baba, gidan matan aure ne. Ba mu da dalilin shiga."

Sai na ɗauki mayafina. Na fara da Sani, direban motar kamfani, don shi ke fita da kaya. Na tarar da motar a gareji wajen Ƙofar Dawanau, injinta a ƙasa tun kafin satar, kaji har sun yi ƙwai a ƙarƙashinta. Na cire shi. Na wuce wurin Nata'ala mai sayen gwangwan, wanda duk wani sanholo da ya ɓace a Kano sai ya ratsa sikelinsa kafin ya zama tukunya. Ya rantse bai gani ba, ban yarda ba, sai da ya ce shi ma haushi yake ji: ya roƙi Ashafa ya sayar masa da kujerun, ya hana, ya kuma zaga duk maƙera bai ji wanda aka kai wa ba.

Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, ina ta juya maganar. Ɓarawon da yunwa ta sa sata, narkarwa zai kai. Wanda bai sayar ba, zama yake so a yi a kai. To wa ke neman kujeru da yawa a lokaci guda, a inda namiji ba ya leƙawa? Na tambayi mata. Suka ce ai Ashafa zai aurar da 'ya'ya biyu rana ɗaya, kuma kowa ya san kayan ɗaki a wuyan uba suke.

Ba a gayyace ni jere ba. Na bi ƙawata 'Yardada, wadda babu ɗakin amaryar da ake jerawa a Dala ba ita. Muka tarar da kujeru an lulluɓe su da jan karan-miski, mata na ta shafawa suna cewa 'yan Dubai ne. Na durƙusa kamar ina gyara leda, na ga ƙafafun ƙarfe ne, an kafe su a kan katako don ba sa tsayuwa da kansu. 'Yardada ta zauna ta huta, babban yatsanta ya danna wani abu a hannun kujerar, sai ga ta ta yi baya, ɗankwali a ƙasa. Mata suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tashi ta ce a irin wannan ta yi amai tun daga Kano har Jidda, ko a mafarki ta san ta.

Na kai wa Sufeto labari, washegari ya zo gidan jeren da 'yar sanda mace. Ta shiga, ta farke karan-miskin, ga lambar kujera, ga ramin tokar sigari. Aka kira Ashafa zaure, ina tsaye.

"Alhaji, ina ka samo su?"

"A kasuwa."

"Wace kasuwa ce ke sayar da kujera mai lambar jirginku?"

Ya ce ai shara ce, jirgin kaya ba ya bukatar kujera, shi ya ɗauka zubarwa za a yi. Ya fitar da su a motarsa da tamfol a kai, masu gadi ba sa buɗe motar oga. Sufeto ya tambaye shi me ya sa bai faɗi haka tun farko ba. Ya ce daga baya ne masu kamfani suka aiko cewa za a sa kujerun a wani jirgin, ga shi an riga an sa ranar biki, ba zai kwashe wa 'ya'yansa ɗaki a idon dangin miji ba.

Na ce, "Sai ka kwashe mini nawa."

Bai kalle ni ba.

Kafin la'asar an ba da belinsa. Manya suka shiga tsakani, kamfani ya karɓi kujerunsa ya ce ya yafe. Aka sha biki, an ce har da kujerun aro. Amma ƙarar da aka kai Jibrin tana nan, babu wanda ya janye ta. Sufeto ya ce ta bar hannunsa, tana kotu. Kotu ta ce sai mai ƙara ya zo. Kamfani ya ce mai ƙara shi ne shugaban sito. Shugaban sito kuwa kullum ya fita.

Na gaji. Ƙafata ba ta kai ni inda take kai ni da. Jiya na kai wa Jibrin tuwo, na tarar tari ya kama shi, matarsa kuma danginta sun fara maganar ta koma gida. An ce mana yanzu mulkin farar hula ne, talaka na da bakin magana. To na yi magana. Ashafa, kai ka kai sunan ɗana da bakinka. Ka zo kotu ranar Litinin ka cire shi da bakin nan, a gaban alƙali, a gabana.