Tagar da Injiniya Ya Toshe

Ana gab da magariba Injiniya Hendrawan ya jingine babur ɗinsa a ƙofar rumfar busar da shinkafa. Awo kawai ya zo ɗauka ya koma masauki. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba a karkarar Indramayu, ga shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, tan ashirin jiƙe sharkaf, noman gida arba'in, an baje ta a kan rariyar ƙarfe. In ba ta bushe zuwa gobe ba tsiro za ta yi, ƙauyen ya shiga uku har wata kakar.

Hendrawan irin mutanen nan ne da digiri ya hau musu kai. Satinsa guda da zuwa daga Bandung amma ya gama raina kowa, musamman Mbah Tarmuji, tsohon da ya shekara talatin yana kula da babbar fankar da ke hura iska mai zafi ta ƙarƙashin shinkafar. Fanka ce mai gidan ƙarfe a nannaɗe kamar dodon-koɗi. A jikin bututunta akwai wata 'yar taga da tsohon ke bari a buɗe faɗin tafin hannu, kullum da baƙin kofi da taba mai kanumfari a gefenta.

"Mbah, ramin nan ɓarnar iska yake mana," in ji Hendrawan. "Kofin kuma na wa? Injin ne ya fara shan kofi?"

"Na mai wurin ne, Mas," tsohon ya amsa a hankali, da laƙabin da ake girmama samari da shi a can, bai ko ɗago ba. "Tun kafin a kafa rumfar yana nan ƙasa. Ta nan yake shaƙa."

"To sai ya nemi wani hancin."

"In ka toshe, fankar haki za ta yi."

Haki! Hendrawan ya san abin a takarda, har jarrabawa ya ci a kai: in aka matse wa irin wannan fanka hanya, iska kan dawo mata da baya, ta riƙa turawa tana ja. Amma lissafinsa ya ce da sauran rata, kuma shi ba zai ɗauki darasi wurin mai dangwala yatsa maimakon sa hannu ba.

Aka kira salla, tsohon ya saka hula ya fita. Hendrawan ya ja murfin tagar, ya ɗaure shi tam da noti huɗu, ya sa ƙafa ya kifar da kofin.

Allurar ma'aunin ƙarfin iska ta hau. Ya yi murmushi, ya rubuta.

Sai ƙarar fankar ta canza.

Ta yi gurnani, ta yi shiru. Ta sake gurnani. Wutar murhun ɓuntu da ke ɗumama iskar ta kwanta ciki, ta dawo waje har ta lashi bango. Kwanon rufi ya soma karkarwa. Hendrawan ya duba agogo yana ƙirgawa. Hakin da ya karanta da sauri-sauri yake zuwa. Wannan a hankali yake, daƙiƙa shida ja, daƙiƙa shida saki, kamar ƙato yana barci.

Ya kashe injin fankar. Bel ya lafa, farfela ta juya sau biyu ta tsaya cak.

Numfashin bai tsaya ba.

"Ragowar iska ce a bututu," ya gaya wa kansa. Don ya tabbatar, wawan, sai ya taka tsani ya hau kan shinkafar, ya tsuguna, ya dafa ta ya ji ko iska na ratsawa.

Da ɗumi, irin ɗumin jikin mutum. Warin taɓon tsohuwar rijiya na tasowa ta tsakanin ƙwayoyin.

Tan ashirin ya ɗaga da shi. Ya sauka.

Da aka ja numfashi, ya nutse har gwiwa. Aka saki, ya yunƙura. Aka sake ja, har ƙugu. Ya buɗe baki zai yi ihu, iskar ƙirjinsa ta zuƙe gaba ɗaya, ba shi ya fitar da ita ba. Ya nemi ya shaƙa. Babu.

Daga ƙarƙashin rariyar, daidai tafin ƙafarsa, wata murya ta yi raɗa.

"Mas. Ka ce in nemi wani hancin."

Shinkafa ta kai masa ƙirji. Idanunsa suka soma ganin duhu.

Can ya ji guduma. Sau ɗaya, biyu, uku. Murfin tagar ya ɓalle, iska ta yi fito mai tsawo, abin da ya riƙe shi ya saki. Mbah Tarmuji ya miƙo masa manjagara ya jawo shi kamar buhun taki, ya yar a ƙasa.

"Kar ka yi magana," tsohon ya raɗa masa. "Bai gama ba."

A waje suka kwana, cikin yayyafi, suna jin shinkafa na ƙaraf-ƙaraf har asuba. Tun daga ranar Hendrawan bai sake iya haɗa kalma biyar da numfashi ɗaya ba, abin da mutane da dama suka ce rahama ce.

Da hantsi manoma suka zo da buhuna. Shinkafa ta bushe ƙarau, launin zinariya, har wasu suka fara hamdala. Hendrawan na zaune a bakin ƙofa yana huci, ya ɗan ɗago kai, wai ko a yaba masa.

Bu Warsih, bazawara mai 'ya'ya biyar, ita ta fara ɗiba. Ta auna a tafinta, fuskarta ta canza. Ta murza, ta hura, duk ya tashi sama. Ɓuntu ne zalla, kowace ƙwaya an tsotse cikinta.

Ta tura hannu har kafaɗa ta ɗebo daga ƙasa. Ta matsa wata kusurwar ta sake ɗebowa. Sannan ta ninke buhunta, ta zo ta ajiye shi a kan cinyar Hendrawan.

"Injiniya," ta ce, "me zan dafa musu?"