Ruwan Zafin da Sallau Ya Zubar

Ku matso, ku rage murya. Wanda ya san zai tashe ni rakiya bayan gida, ya tashi tun yanzu.

A ƙauyen su Gwaggo an yi wani bakanike, Sallau. Hannu dai Allah ya ba shi, sai dai taurin kai kamar me. Ya samo wata tsohuwar mota, ya cire injinta ya dasa wanda ya fi shi girma, ya ɗaura mata tobo, abin nan da ke hura wa inji iska ya ƙara masa gudu. Duk don a ce tasa ce ta ɗaya a filin wasan mota. Gudu kam tana yi. In ya taka ta, kajin unguwa sai sun shige akurki.

Amma ba ta nisa allurar zafi ba ta haye ja ba. Ya canza lagireto, ma'ajin ruwan sanyaya inji, ya sa na babbar mota. Ya haɗa fanka kai tsaye da batir. Ya sake famfon ruwa, ya sake tiyo. Duk a banza. Abokan aikinsa suka ce injin ya fi ƙarfin motar, ya sauke tobon nan ya huta. Sallau ya ce hassada ce.

'Yarsa ɗaya tak a duniya, Hansatu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata. Uwar yarinyar ta rasu tun tana goye.

Ran nan Hansatu ta tashi da zazzaɓi. Kafin hantsi ta fara sanƙarewa. Mai duba marasa lafiya na ƙauyen ya ɗaga idonta ya duba, ya ce wannan sai asibitin birni, kuma yanzu. Ba ranar kasuwa ba ce, ba mota a tasha. Sai tasa.

Ya kwantar da ita a kujerar baya. Bai tsaya jiran kowa ya raka shi ba. Don ya yanke, sai ya bar kwalta ya bi tsohuwar hanyar burji da ta ratsa daji. Rana tsaka. Shi kaɗai da yarinya.

Allura ta fara hawa. Ya gani, ya kau da kai. Ta kai rabi. Ta wuce. Sai tururi ya turnuƙe gaban motar, dole ya gangara gindin wata tsamiya ya kashe.

Ya ɗaga bonet. Fanka tana juyawa. Tiyo bai fashe ba. Ya zaro sandar awon mai, man bai gauraya da ruwa ba. Ba abin da ya lalace, ruwa ne kawai yake tafasa a ciki kamar tukunyar ɗanwake. Yana da jarkar ruwan sanyi, amma sai injin ya huce za a zuba. Daga cikin mota kuwa yana jin numfashin 'yarsa, sama-sama.

Ba zai iya jira ba. Ya naɗe hannu da tsumma, ya kwanta, ya fizge tiyon ƙasa. Tafasasshen ruwa ya kwararo, ya bi tsakanin saiwoyin tsamiyar.

To ku da kuke zaune nan, har ƙaraminku ya sani. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa ba a yi bismillah ba. Sai ka yi magana, na ƙasa su ji, su janye 'ya'yansu. Sallau ma ya sani, da shi aka raine shi. Ranar dai hankalinsa ba ya jikinsa.

Ya ji wata 'yar ƙara, siririya, kamar an taka ɗan tsako. Sau ɗaya. Daga nan tsuntsayen da ke kan tsamiyar suka yi tsit.

Ya mayar da tiyo, ya juye jarkarsa a lagireto. Ko mota bai tayar ba, ruwan ya tafaso ya yi ambaliya. Ya ƙare tas.

"Sannu da aiki."

Daga bayansa muryar ta fito. Ya waiwaya, ba kowa. Ya juyo, sai ga mace a gabansa, doguwa, da goyo. Ba takalmi a ƙafarta. Tana tsaye cikin ruwan da ke tururi, ko motsa yatsa ba ta yi ba. Ya ƙara dubawa. Dugaduganta ne a gaba.

Ya ce, "Yawwa, Inna."

Ta juya masa baya a hankali, ta sassauta zane. Ba zan gaya muku yadda fatar yaron nan take ba. Bai yi kuka ba. Idonsa a buɗe, yana kallon Sallau.

Ta ce, "Barci yake yi. Inuwarsa ce."

Leɓenta ya gama motsi kafin maganar ta iso, kuma har yanzu ta bayan kunnensa take zuwa.

Sallau ya zube ƙasa. "Ki yi mini rai, Inna. Wallahi ban gan shi ba."

"Ba a ce ka gani ba. Cewa aka yi ka yi magana."

"Yarinya gare ni ba lafiya."

"Na gan ta."

Gilasan motar baƙaƙe ne, a rufe.

Ta miƙo masa wani ɗan gora. "Zuba. Motarka ba za ta ƙara zafi ba."

"Kin yafe mini?"

"Zuba."

Ina zai ga wani ruwan a dajin nan? Ya karɓa. Sanyin goran har cikin ƙashi. Ɗan ƙarami ne, amma ya cika lagireto taf. Da ya ɗago, ba mace, ba goyo.

Mota ta tashi bugu ɗaya. Ya kama hanya. Ya dubi allura, tana kwance. Ya ƙara wuta, tobo ya fara fito, allura ko gezau. Har ga Allah daɗi ya kama shi. Ya ce a ransa, ashe baiwar Allah ta yafe. Kaico.

"Baba."

"Na'am, Uwata. Mun kusa."

"Zafi."

Ya ƙara taka totur don su yi saurin isa. Sai yarinyar ta yi ƙara. Ya ji ƙauri, irin na zanen da aka manta da dutsen guga a kai. Ya miƙa hannu baya ya taɓa goshinta, ya janye da sauri. Yatsunsa sun yi ja.

Ya taka burki, ya kashe mota. Kukan ya lafa. Ya fita ya ɗaga bonet, ya ɗora tafin hannu a kan injin da ya sha wannan gudu. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

A nan ya gane. Inji ba ya aiki ba zafi. Zafin yana nan, wurin zuwa kawai aka canza masa.

Ya tsaya a tsakiyar daji. In ya tuƙa, shi zai dafa 'yarsa da ƙafarsa. In ya tsaya, ciwo ya cinye ta. Ya ce bari ya gwada a hankali, ba totur. Yana murɗa makulli ta banƙare, ta ƙwalla ihun da har ya mutu ba zai manta ba. Ya zare makullin ya yi jifa da shi.

Ya goya ta da zanen da ta lulluɓa, ya kama tafiya. Bayansa yana ƙuna, bai sauke ta ba. Yana tafe yana yi mata hira, zai saya mata ɗan kunne, zai saya mata awara. Da fari tana amsawa. Can ta ce, "Baba, ƙishi." Ya ce yanzun nan, Uwata. Bai ƙara jin muryarta ba, amma bai daina hirar ba.

Rana ta yi sanyi kafin ya fito kwalta. Wani dattijon direba ya tsaya, ya taimaka aka kwance goyon. Ya duba ta, ya daɗe. Ya cire hularsa.

"Sai haƙuri, malam. Ta cika."

Sallau ya ce, "A'a, Baba. Taɓa ka ji. Da zafinta."

Ya taɓa. Da zafinta.

A asibiti ma abin da suka ce ke nan, ta riga ta cika tun a hanya. Aka mai da ita gida. Matan da suka yi mata wanka sun ce ruwa yana sauka a jikinta yana tururi. Aka jinkirta, aka jira ta huce. Ba ta huce ba. Da liman ya ce a sallace ta, sai da maza suka rirriƙe Sallau. Wanda ya sa ta a kabari ya ce ta cikin likkafani yana jin ɗumi.

Don haka ku ji da kyau. Kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai, ko da rana ce tsaka. Ruwan zafi kuwa, ko na shayi ne, ku yi bismillah kafin ya taɓa ƙasa.

Shi Sallau bai ƙara riƙe sifana ba. Yana nan, ya tsufa, a bakin tasha yake wuni. Ba ya roƙo, ba ya zagi. In baƙo ya sauka, sai ya matso ya kama hannun rigarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah in tambaye ka. Mamaci ai sanyi yake yi, ko?"