Jar Tutar Baba Guduma

Ruwan safe bai gama ɗaukewa ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda: jirgi ya matse mutum a tashar ƙarshen layi.

Insifekta ya ture kofinsa, ya ce Saje ya tada mota. Tashar ba baƙuwarsa ba ce. Layi ɗaya tal ya shigo wannan yanki, jirgi ɗaya ke bin sa: taragun ma'adinai a jere kamar ba za su ƙare ba, sai taragon fasinja guda da ake maƙala musu a wutsiya, kamar alfarma ake yi wa mutane.

Sun tarar an lulluɓe gawar da tamfol a gefen layi. Mamacin shi ne mai duba ƙafafun jirgi, wanda kowa ke kira Baba Guduma, saboda doguwar gudumar da yake ƙwanƙwasa ƙafafun da ita ya saurari lafiyarsu. Yana duƙe a gaban taragon fasinja yana duba bututun birki, direba ya yo baya da taragun kaya don ya haɗa. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shi yana tsakani.

Shugaban tashar, wanda ma'aikata ke ce wa Masta, ya tarye su cikin farar riga mai guga, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Abin tausayi ne, Insifekta, amma magana ba ta da tsawo. Doka ce a wajenmu: duk wanda zai shiga ƙarƙashin tarago sai ya kafa jar tuta a jikinsa. Muddin tana nan, direba ba ya motsawa. Tsohon nan bai kafa ba. Tsufa ne, mantuwa."

"Ka tabbata?"

"Zo ka gani da idonka."

Ya kai su ɗakin ajiyar kaya. Ga tutar nan a kan wata kanta, an naɗe ta tsaf a jikin sandarta.

Insifekta ya ɗauka ya warware. Ruwa ya ɗigo daga cikinta. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, babu yoyo ko na ɗigo. Ya dubi tafinsa, ya ga rinin tutar ya zuba, hannun ya yi ja kamar ya taɓa jini. Ya miƙa wa Saje ita.

"Yaushe za a saki jirgi?" Masta ya tambaya. "Kamfanin ma'adinai sun dame ni da waya."

"Su ci gaba da damun ka."

A bakin ƙofa wata dattijuwa ta tare hanya, idanunta a bushe. Matar mamacin ce.

"Kai ne babbansu? An ce min wai maigidana ne ya kashe kansa da mantuwa."

"Ana bincike, Inna."

"Mutumin da ko ƙwan fitila zai canza a gida sai ya sa na tsaya a kan makunnin kamar mai gadi? Tun muna amare ake yi masa dariya a kan tutar nan. Mutuwa dai ta Allah ce, na karɓa. Amma kada ku binne shi da sunan sakarai. 'Ya'yansa a wannan layin suke aiki."

Insifekta ya daɗe a aikin nan, ya san yadda ake yi: idan laifi ya rasa mai ɗauka, sai a ɗora wa wanda ke kwance, don shi ba zai tashi ya musa ba.

Direban yana zaune a kan matakalar kan jirgi, ƙaton mutum, hular aikinsa a hannu yana murza ta.

"Ka ga tuta?"

"Ban gani ba, Yallaɓai. Wallahi lokacin da na yo baya babu tuta."

"Ban ce lokacin da ka yo baya ba. Tun da safe."

"Ban... ban lura ba."

"An gama lodin kaya tun kafin ruwa ya sauko. Injinka a kunne, kana ƙona man kamfani. Me ka tsaya jira? Amarya?"

Direban ya ci gaba da murza hularsa.

"Malam, mutum ba ya tsayar da jirgi don sha'awar kallon gari. Me ya tsayar da kai?"

Sai ƙaton nan ya fashe da kuka. "Tutar tana nan, Yallaɓai. Tun da ya shiga take nan, ruwa na dukan ta. Ina leƙawa ina gani. Can na leƙa na ga babu, na ce Baba ya fito. Ai shi kaɗai ke da ikon cire ta, wanda ya kafa shi ke cirewa, haka muka taso muka tarar. Shi ya koya min ma!"

"Wa ya ce ka ce ba ka lura ba?"

"An ce in na ce akwai tuta, ni za a ɗaure."

"Wa ya ce?"

Direban ya sunkuyar da kai.

Saje ya bi fasinjojin da suka maƙale a tashar ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana tsaki. "Yallaɓai, yau garin nan duk makafi ne. Wannan yana banɗaki, wancan yana barci. Taragon mutum arba'in, banɗaki ɗaya, amma kowa yana ciki."

Insifekta ya nufi rumfar mai shayi, wadda ke fuskantar taragon fasinja kai tsaye.

"Ni fa ina wankin kofuna," ta riga shi.

"Ban tambaye ki ba tukuna, 'yar uwa. Zuba min." Ya kurɓa. "Kofunan nan da aka bari rabi-rabi fa? Shayinki ne ya yi tsami?"

"Haba dai! Shayina? Tashi suka yi a guje."

"Ƙararrawa aka buga?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba. "Wa ke jin ƙararrawa a nan? A buga ta har ta tsage, ba mai tashi. Mutanen nan sun gane: in dai jar tuta na jikin tarago, jirgi ba ya tafiya. Ita suke kallo. Da ta sauka, sai ka ga..." Ta kama bakinta.

"Da ta sauka. Ashe dai ta hau."

"Don Allah, Yallaɓai, rumfar nan a filin tasha take. Da kalma ɗaya za a tashe ni. Fasinjojin can ma, wanda aka hana shi tarago, a ƙafa zai kai kayansa?"

Insifekta ya biya ta ya tashi. Yanzu ya san me ya makantar da garin.

Da rana ta karkata, ya sa aka sanar cewa za a saki jirgi. Ya karɓi tutar a hannun Saje, ya kafa ta a mazauninta a jikin taragon, ya sa aka tabbatar babu kowa a ƙasa kuma inji a kashe yake. Ya ce wa Masta ya buga ƙararrawa.

Masta ya buga da hannun hagu. Fasinjoji suka ɗago kai, suka dubi tutar, suka ci gaba da hirarsu. Ya sake bugawa. Ko yaro bai motsa ba.

Insifekta ya taka a hankali, ya zare tutar.

Nan take tashar ta kaure. Mai buhu ya saɓa, mai jariri ta suri ɗanta, ana ture juna a ƙofar tarago. Wata tsohuwa mai ƙullin kaya kaɗai ta tsaya, ta juyo kansa.

"Kai ɗan nan, ba ka da kunya? Mutum ya mutu da safe a kan wannan wasan banza, gawarsa ba ta huce ba, kai ma ka zo kana cire tuta kamar shi?"

"Kamar wa, Iya?"

Hayaniyar ta mutu. Tsohuwar ta dubi mutane, ta ga kowa ya sa ido a ƙasa. Ta yi tsaki, ta nuna Masta da haɓa.

"Shi mana. Duk ranar da ya ga mun yi nawa, sai ya zare ta ya ɓoye a baya, mu yi ta gudu kamar kaji yana dariya. Ni na tsufa, a hana ni jirgin."

Insifekta ya juya. "Masta, tun safe ba mu gaisa ba. Ba ni hannu."

"Insifekta, wannan tsohuwar..."

"Hannun."

Ya fito da shi. An wanke shi, an goge, amma jan rinin yana nan a layukan tafin da gefen farce. Insifekta ya buɗe nasa tafin kusa da shi. Iri ɗaya.

Masta ya zauna a kan benci. "Ba nufina ba ne. Kullum in na cire, ina ɗaga wa direba hannu ya dakata, sai mutane sun shiga in mayar. Yau waya ta yi ƙara a ofis, kamfani ne, na shiga da tutar a hannu. Ɗan lokaci kaɗan ne. In jirgin kaya ya makara, ni ake zagi, Insifekta. Ba ku san matsin da..."

"Rufe min baki!" Muryar Insifekta ta kai har ƙarshen tasha. "Abin da ke tsare ran mutum ka mayar bulalar kora fasinja. Wannan ɗaya. Amma da ka ji ƙarar ƙarfen, ka fito ka ga abin da ka yi, ba wajensa ka ruga ba. Ɗakin ajiya ka ruga, ka zauna ka naɗe tuta tsaf, ka canza riga, ka tsorata direba, sannan ka tsaya a kan gawar tsohon kana ce min mantuwa. Shi ne ba zan yafe maka ba. Saje, sa masa ankwa."

Aka wuce da shi ta tsakiyar fasinjoji. Babu wanda ya yi ihu, sai dai kowa yanzu idonsa ya buɗe.

Matar mamacin tana tsaye inda ya bar ta, gudumar mijinta rungume a ƙirji. Ba ta ko dubi wanda aka kama ba.

"Ya kafa?" ta tambaya.

"Ya kafa, Inna. Kowa ya ji."

Sai a lokacin ta zauna a ƙasa, ta fara kuka.