Daga Yau Kai Ne Maigida

Kamilu ba wawa ba ne, wannan kam a yarda. Da ya baro Bangi da moto ɗinsa, wato babur, zai yi kabu-kabu a Madawa, bai karɓi makullin gidan haya ba sai da ya tsare mai gidan, Baba Yaro, da tambayoyi. Pampo na kawo ruwa? Kuran fa, wato wutar lantarki, ana raba shi da maƙwabta? Rufin na yoyo da damina? Salga ta cika? Tsohon ya amsa duka, bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba.

Wani tsohon rumbu ne a kusurwar tsakar gida, an liƙe bakinsa da laka. Kamilu ya gan shi sarai, bai tambaya ba. Bai kuma tambayi abin da ya sa mai gida mai kyau haka yake kwana a shago cikin kasuwa ba.

Wajen miƙa makulli, tsohon ya juya ya fuskanci rumbun, ya ɗaga murya.

"Daga yau kai ne maigida. Ka karɓa?"

Kamilu ya ji daɗin girmamawar har cikin ransa. "Na karɓa, Baba."

Ya kwaso matarsa Mansura da ɗiyarsu Biba, yarinya mai surutu kamar rediyo.

Wata ranar Laraba, gab da magariba, Mansura ta aike shi sayen gawayi, ita kuma ta shiga wanka. Yana dawowa ya kashe moto a ƙofar gida. Unguwar ta yi tsit. Ko kukan akuya babu.

A zaure wari ya tare shi. Ƙarnin jini, da warin bunsuru.

Ya kira Biba. Shiru.

Sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas. Busasshiyar laka na zuba ƙasa.

Bakin rumbun a buɗe yake. Biba na tsaye a gabansa, ta miƙa hannu ciki har kafaɗa, kamar mai karɓar alawa.

Daga cikin duhun aka yi magana ƙasa-ƙasa, da murya irin ta tsohuwar da ba ta da haƙori.

"Maigida. An daɗe ba a ba ni ba."

Gawayin ya zube. Kamilu ya rungumo yarinyar ya ja. Aka ja daga ciki.

Hannunta sanyi ƙalau.

Ayatul Kursiyyu ta kakkarye a bakinsa. Ya dafa ƙafa a jikin rumbun, ya fizga da iyakar ƙarfinsa, suka faɗi tare.

A gidan maƙwabciyarsu Dela suka kwana. Ita ta gaya musu abin da duk unguwa ta sani: kakannin Baba Yaro suna yanka wa abin da ke cikin rumbun baƙin bunsuru kowace kaka. Da suka bar tsafi suka daina, abin ya koma bin 'ya'yan duk wanda yake maigida. Baba Yaro ya binne nasa 'ya'yan har ya gaji. Kamilu ya tambaye ta don me ba ta faɗa ba tun farko. Ta sunkuyar da kai, ta ce ai bai tambaya ba, ita kuma tana da jikoki.

Biba ba ta sake magana ba. Likita bai ga komai ba. An sha rubutu, an yi turare, har baƙin bunsurun ma Kamilu ya yanka a ɓoye, yana kuka don kunyar Allah. Suka koma Bangi, suka gwada Sabon Gida wajen dangin Mansura. Duk inda suka sauka, da magariba sai warin nan ya shigo, yarinyar ta miƙa hannu wajen bango. Kullum ƙara ramewa take.

Kamilu ya koma Madawa ya sami Baba Yaro a shago, da niyyar shaƙe shi. Ya tarar da tsoho yana hawaye.

"Abin ba ya komowa wurina, ɗana. Sai in wani ya karɓa daga bakinka, da yardar ransa."

Kamilu ya ce Allah ya kiyaye, shi ba zai yi wa ɗan kowa haka ba. Ya faɗa, ya kuma rantse.

Ranar da Biba ta daina haɗiye ko kunu, yana zaune bisa moto a tasha, makullin na aljihunsa. Motar Keita ta tsaya. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya sauko da katifa a naɗe, matarsa na bayansa da goyo, yana tambayar mutane ko sun san inda ake samun gidan haya mai pampo.

Kamilu ya daɗe yana kallon ƙafafun jaririn.

Sannan ya tada moto, ya matsa kusa da su.